Idan Murjani Ya Yi Fari: Yadda Aka Koyi Gane Ciwonsa a Tankin Gida

Murjanin da ka saba gani a wuyan mata ƙashin wata dabbar teku ne. Danginsa masu gina tsaunuka a ƙarƙashin ruwa kuwa, dubban ƙananan dabbobi ne masu laushi da ke zaune a kan ƙashin allin da suka gina da kansu. A Turai da Amurka da Asiya, mutane na kiwonsu a tankin gilashi cikin falo. To amma murjani ba ya kuka, ba ya ɗingishi. In ya kamu da ciwo, galibi fari kawai zai yi. Farin nan kuma ba iri ɗaya ba ne, maganin wani na iya ƙarasa wani. An shafe sama da shekara 150 ana koyon rarrabe su.

Darasin farko: ruwa

A 1846 wata mata ’yar Birtaniya, Anna Thynne, ta kwaso murjani daga gaɓar Torquay ta kai gidanta a Landan. Da jigilar ruwan teku ta yi mata yawa, sai ta sa a riƙa juye tsohon ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan kullum a bakin taga, don iska ta shige shi. Murjanin ya rayu kusan shekara 3. Ka ga tun daga nan aka fahimci cewa kafin ka tuhumi dabbar, ka fara tuhumar ruwanta.

Baƙin da ke cikin tsoka

A 1881 masanin Jamus Karl Brandt ya raɗa wa wasu ƙwayoyin gansakuka masu zama cikin tsokar dabbobin teku suna zozantela. Su ne ke amfani da hasken rana suna haɗa wa murjanin ruwan ɗumi mafi yawan abincinsa, su ne kuma ke ba shi launin ƙasa-ƙasa. Tsakanin 1928 da 1929, ayarin Maurice Yonge da ya yi aiki a babban tsaunin murjani na Ostireliya ya lura cewa in zafi ya yi yawa, murjani kan kori waɗannan baƙin nasa.

Wannan shi ne fari na farko. Tsokar na nan da ranta, ta dai zama garau kamar gilashi, ƙashin ne kake hangowa ta cikinta. Ƙarin digiri 1 kacal a kan zafin da murjani ya saba kaiwa, in ya ɗauki makonni, ya isa ya jawo haka. A tanki, lalacewar na’urar ɗumama ruwa ko sabuwar fitila mai ƙarfi na yin wannan ɓarnar. In ka gyara da wuri, launin na iya dawowa.

Abin da aka gano a Berlin

Har zuwa shekarun 1970, murjani mai ƙashi kan mutu a tanki ba a san dalili ba. Masu kiwo a Jamus, musamman Peter Wilkens, suka nuna cewa dabbar na zuƙe kalshiyam daga ruwa don gina ƙashi, kuma a rufaffen tanki sai an mayar mata. Sai aka fara ɗiga ruwan farar ƙasa. A shekarun 1980, Dietrich Stüber ya raini murjani mai rassa, wato Acropora, a Berlin har ya yi ta girma. Daga nan awo ya zama wajibi: gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, zafi digiri 24 zuwa 27, kalshiyam miligiram 400 zuwa 450 a lita. Kuma hawa da saukar waɗannan cikin gaggawa ya fi ɗan kuskure mai ɗorewa illa.

Lokacin da tsokar ke zubewa

Fari na biyu ya fi muni. A 1973 Arnfried Antonius ya bayyana wata cuta a tekun Karibiyan: baƙin layi na ƙwayoyin cuta da ke tafiya a jikin murjani, yana barin farin ƙashi tsirara a bayansa. A 2014 wata cutar mai cin tsoka ta ɓulla kusa da Miami, har ta kai ana shafa wa murjanin teku maganin amoksisilin. A tanki ma, tsokar Acropora na iya saɓulewa gaba ɗaya cikin kwana guda. Nan jira ba naka ba ne: masu kiwo kan yanke rassan da ke da lafiya, nesa da bakin ciwon, su dasa daban.

Ɓarawon da ke cikin gida

Fari na uku cizo ne. Akwai wata tsutsa mai faɗi da ke saje da launin Acropora, tana barin ƙananan tabo zagayayyu da tarin ƙwai a gindin reshe. Masu tanki ne suka fara kokawa da ita, kuma daga samfurin tanki masana suka yi mata bayanin kimiyya a 2011, kafin a same ta a tekun Ostireliya. Tsoma murjani a magani na kashe manyan, amma ba ya taɓa ƙwan. Shi ya sa ake maimaitawa mako-mako, ake kuma killace duk sabon murjani kafin ya shiga tanki.

To, me za ka fara dubawa?

In ka ga fari, auna ruwa tukuna, ka tambayi kanka me ya sauya a ’yan kwanakin nan. Sannan ka matso da madubin ƙara girma. Tsoka na nan? Duba zafi da haske, kar ka ƙara wa mai jinya wahala da magani. Ƙashi tsirara da layi mai matsawa? Yi sauri ka yanke. Tabo zagayayyu? Leƙa gindin reshe ka nemi ƙwai.