Kukan Kurciya: Fim ɗin Gaskiya da Tarihin Gida a Ƙasar Hausa

Fim ya fara shiga ƙauyukan ƙasar Hausa ne a bayan motar majigi. A shekarar 1939 Gwamnatin Ingila ta kafa hukumar shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, a ƙarƙashin William Sellers, wani jami'in kiwon lafiya wanda tun yana Ikko yake amfani da fim wajen yaƙi da annoba. Daga baya Gwamnatin Jihar Arewa ta gaji aikin. Motar takan iso gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, bayan sallar lisha a nuna wa jama'a yadda ake tsabtace rijiya, da noman auduga irin na Baban Larai, da rangadin Sardauna, mai sharhi kuwa yana fassarawa da lasifika. Galibinsu finafinan gaskiya ne, watau waɗanda ake ɗaukar mutane a cikin ainihin rayuwarsu ba tare da 'yan wasa ba. Amma na'urar ta hukuma ce, kuma abin da hukuma take so a gani shi take ɗauka. Talaka yakan fito a ƙyallen a matsayin wanda ake koya wa abu, ba a tambayarsa wane ne ubansa, balle daga ina kakansa ya taso.

Ko da ƙwararru irin su Adamu Halilu suka juya ga tarihi, ga littafi da sarauta suka juya. A 1976 ya mai da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, daga bisani kuma ya yi na Kanta, Sarkin Kabi. Ayyuka ne masu daraja, sai dai wasan kwaikwayo ne. Fim ɗin da ɗa zai ɗauki na'ura ya fuskanci gidan ubansa da ita, a Nijar ya yi ƙarfi.

Dalilin haka yana da tsawo. Tun a 1954 Bafaranshen nan Jean Rouch ya bi waɗansu samari uku daga Nijar zuwa Gwalkwas, ƙasar Gana ta yau, ya ɗauki fim ɗin da ya fito a 1967 da sunan Jaguar. A 1958 kuma ya fitar da Moi, un noir a kan 'yan ci-ranin Nijar a unguwar Treichville ta Abijan, inda ya bar Oumarou Ganda ya ba da labarin kansa da bakinsa. Wannan ci gaba ne a kan majigi, ko da yake har yanzu baƙo ne yake riƙe da na'ura. Sai bayan shekara 50 wani ɗan ƙasa ya koma Abijan ɗin da tasa na'urar, yana neman mahaifinsa.

Sani Magori mutumin Galmi ne, garin albasa da ke kan hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa. Ilmin aikin gona ya fara karantawa, sa'an nan ya koyi shirya fim a Jami'ar Gaston Berger ta Saint-Louis a Senegal. Fim ɗinsa na 2008, Pour le meilleur et pour l'oignon, ya bi wani manomi na garinsu wanda auren 'yarsa ya rataya a kan abin da albasa za ta yi a kasuwa. Duk wanda ya san Aliero a lokacin cirar albasa, da yadda farashi yake faɗuwa daidai ran da kowa ya kawo tasa, ba ya bukatar a fassara masa wannan fim. Amma wanda ya fi dacewa da batun nan shi ne na 2010, Koukan Kourcia, watau Kukan Kurciya.

Ga yadda labarin yake. A shekarun 1970 akwai wata zabiya a yankinsu mai suna Hussey, wadda waƙoƙinta suka riƙa zuga samari su bar gida su tafi neman arziki a biranen bakin teku. Da yawa sun tafi, waɗansu ba su komo ba, kuma mahaifin Magori yana cikin waɗanda Abijan ta riƙe shekara da shekaru. Sai ɗan ya je wurin zabiyar, ta riga ta tsufa, ya roƙe ta ta yi sabuwar waƙa ta kiran mutane gida, ta kuma bi shi har Abijan ta rera ta a gaban waɗanda tsohuwar waƙarta ta kora. Fim ɗin shi ne wannan tafiya.

A nan ne ya kamata a tsaya a duba, domin dabarar ta fi labarin muhimmanci. Babbar matsalar mai son ɗaukar tarihin gidansu a ƙasar Hausa ita ce kunya. Ɗa ba ya zaunar da ubansa ya ce, "Baba, don me ka tafi ka bar mu?" Ɗan fari ma, a gidaje da yawa, iyayensa ba sa kiran sunansa, balle su buɗe masa cikinsu. Ga kuma rufin asiri, wanda Bahaushe yake roƙon Allah ya ba shi safe da yamma. A irin finafinan nan da ake yi a Turai da Amurka, an saba ganin ɗa ya kafa wa uwa ko uba na'ura yana jero tambayoyi har sai an yi kuka. Wanda ya kwaikwayi wannan a Galmi ko a Jega, abin da zai samu shi ne gaisuwa mai tsawo da "sai godiya", in ma ba a ce ba shi da tarbiyya ba. Magori bai karya al'adar ba. Ya nemo wadda al'ada ta ba izinin faɗin abin da ba a faɗa, watau zabiya, ya sa ta tsakaninsa da mahaifinsa, kamar yadda mai neman aure yake tura wakili, talaka kuma yake bi ta hannun bafade. Sunan fim ɗin ma daga karin magana aka ɗauko shi: kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Har ila yau akwai wani adalci a ciki wanda tambaya kai tsaye ba za ta kawo ba, domin an raba nauyin tafiyar tsakanin uban da waƙar da zamanin da ya haife ta, ba a ɗora wa mutum ɗaya ba.

Mata biyu 'yan Nijar sun bi sawu a 2016, kowacce da tata hanyar. Aïcha Macky, 'yar Damagaram, a L'arbre sans fruit ta yi maganar rashin haihuwa, abin da matar aure ba ta iya furtawa a gaban dangi, ta hanyar yi wa mahaifiyarta magana, wadda ta rasu wajen haihuwa. Mamaciya ce wakiliyarta. Amina Weira kuwa, a La colère dans le vent, ta bi mahaifinta, tsohon ma'aikacin haƙar yuraniyam a Arlit, zuwa wurin abokan aikinsa na dā, ta bar hirar tsara da tsara ta fito da abin da ƙurar ma'adinin ta bar wa garin.

To, ina amfanin wannan ga ƙasar Jega da Aliero da Maiyama? Amfaninsa shi ne yankin cike yake da tarihin da rabinsa kawai aka rubuta. A ƙarshen 1803 mayaƙan Sarkin Gobir Yunfa suka auka wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma ƙwato kamammun Gimbana da jama'ar Shehu suka yi a Ɗegel yana cikin abin da ya jawo hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Bayan rasuwar Shehu a 1817 Abdussalami ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka ci garinsa Kware a farkon 1818, ya rasu sakamakon raunin da ya samu. Ɗansa Buhari ne ya kafa Jega wajen 1820 a ƙarƙashin Gwandu, garin ya zama babbar kasuwa da zangon fataken Gwanja. Abin da manazarta suka fi dogara da shi a kan wannan saɓani shi ne Sard al-kalam na Muhammadu Bello. Littafi ne mai daraja, kuma ya kawo wasiƙun da suka yi musaya, amma wanda ya yi nasara ne ya tsara shi. Yadda Gimbanawa suke ba 'ya'yansu labarin kakansu, da abin da suke tsallakewa in sun zo ba da shi, yana bakin tsofaffi da maroƙan gidan, kuma fim yana kama abin da alƙalami ba ya kamawa: shirun da dattijo ya yi kafin ya amsa, da wanda ya kalla kafin ya ci gaba.

Ɗorin karaya na Aliero, wanda ake zuwa nema daga nesa, gado ne na gida, kuma a nan matsalar ta ninku, don akwai asirin sana'a bayan kunya. Mai fim da ya nace sai ya ɗauki abin da ake tofawa zai koma hannu rabbana. Wanda ya tambayi wa ya koya wa wa, a shekara nawa aka fara ba yaro ƙafa ya riƙe, kuma wane ne ya ƙi gadon ya tafi boko, zai fito da salsalar gidan gaba ɗaya ba tare da ya taɓa asirin ba.

Sa'an nan ga cin rani, wanda shi ne ainihin labarin Magori. A ranin 1952 zuwa 1953 aka yi ƙidayar masu fita daga Lardin Sakkwato, wadda R. M. Prothero ya yi nazarinta, aka sami mutum fiye da 250,000, har da waɗanda suka ratso daga Nijar. Ƙauyukan Maiyama irin su Giwa Tazo da Andarai da Mungadi a cikin wannan lardi suke a lokacin. Ƙidayar ta ba da adadi, ba ta ba da sunan kowa ba. Na'ura kuwa yanzu ba ta hukuma ba ce, tana aljihun samari, sai dai biki da naɗin sarauta da taron siyasa ake ɗauka da ita. Kuma al'ada ta riga ta tanadi wakilin da ake bukata a cikin kowane gida, watau jika. Wasan da ke tsakanin kaka da jika ya halatta masa tambayar da ubansa ba zai iya yi ba: yana iya ce wa tsoho ya faɗi gaskiya ko ya bar wata mata a Kumasi, a yi dariya, kuma sau da yawa a ba shi amsa. Saurayin da aka ƙidaya a bakin hanya yana ɗan shekara 20 a 1953, in yana raye, ya haura 90.