Mai Dabo da Almajirinsa: Waiwaye a Kan Wata Sana'a

Gabatarwa

Idan aka ambaci wasan kwaikwayo a ƙasar Hausa, hankalinmu yakan tafi ga wasannin tashe da 'yan kama da 'yan gambara, sannan ga rubutattun wasanni da na rediyo da talabijin. Ba kasafai muke tunawa da mai wasa da 'yan tsana ba, wato mutumin da yake ɓuya a cikin mayafi ya ɗaga 'yan gumakansa sama, ya ara musu murya har su yi zance da faɗa da rawa a gaban jama'a. Hausawa na kiran wannan wasa dabo-dabo, a wajen Damagaram kuma ana kiran 'yan tsanan ɗiyan dabo. Manufarmu a nan ita ce mu dubi yadda mai wannan sana'a yake gudanar da aikinsa, mu kuma nuna cewa rayuwar sana'ar ta rataya ne a kan koyarwa.

Mai Dabo a Bakin Aikinsa

Ɗaya daga cikin tsofaffin bayanan da muke da su a rubuce shi ne wanda wani Bature mai suna R. E. Ellison ya wallafa a mujallar The Nigerian Field a shekarar 1935, game da wasan da ya kalla a Borno, inda Barebari ke kiran sa dogo-dogo. Yemi Ogunbiyi ya sake buga wannan bayani a littafin da ya tattara a kan wasan kwaikwayon Nijeriya a 1981.

Abin da ya fito fili daga irin waɗannan bayanai shi ne ƙarancin kayan aiki da yawan gwaninta. Mai dabo ba ya bukatar dandamali. Sanduna yake kafawa, ya lulluɓe su da babbar riga ko mayafi, ya shige ciki, sannan ya zura hannuwansa cikin 'yan tsanan ya fito da su ta sama. Yakan sa wani ɗan abu a baki, wanda akan yi da ɓawon ƙwan jimina, domin muryarsa ta koma siririya mai kama da fito. Daga waje kuma makaɗa da mataimaki ke tsaye, suna amsa wa 'yan tsanan, suna fayyace wa 'yan kallo abin da bai fita sosai ba.

Ke nan mutum guda ne yake haɗa aikin masassaƙi da maɗinki da mai tsara labari da ɗan wasa. Abincinsa kuwa yana hannun 'yan kallo, don haka dole ya bi kasuwanni da bukukuwa, ya san harshen kowane gari da abin da ke ba mutanensa dariya. Ta bakin ɗan tsana yakan caccaki ɓarawo da mayaudari da mai rowa, ya faɗi abin da mutum ba zai iya faɗa da bakinsa ba, domin ba wanda zai kai ƙarar guntun itace gaban alƙali.

Koyo da Koyarwa

Babu ɗaya daga cikin waɗannan dabaru da ake samu a littafi. Kamar sauran sana'o'inmu na gargajiya irin su ƙira da wanzanci, yaro yakan fara ne da ɗaukar kaya da amshi, yana kallon hannun maigidansa, kafin a yarda ya shiga cikin mayafi. Sai dai dabo yana da wata matsala da ƙira ba ta da ita. Kalmar kanta tana nufin rufa-ido da siddabaru, kuma kwarjinin mai wasan ya dogara ne ga jama'a su kasa gane yadda yake yi. Saboda haka sirrin da ke ciyar da shi, shi ne kuma yake taƙaita yawan waɗanda zai koya wa. Duk ranar da ya rasu bai bar almajiri ba, an binne shi ne tare da makarantarsa.

Da zamani ya juya, majigi da silima da talabijin suka janye 'yan kallo, sannan finafinan bidiyo na Hausa suka biyo baya tun daga fitowar Turmin Danya a Kano a 1990. Ga kuma ƙyamar da wasu ke yi wa duk abin da ya yi kama da gunki ko sihiri. Amma a ganinmu rashin magada ya fi waɗannan duka illa, domin tashe ma ya gamu da zamani, bai kuwa ɓace ba, tun da kowace shekara yara na koya daga yayyensu.

Darasi Daga Maƙwabta

Mu da ke Lafiya muna zaune ne a wurin da ya dace da wannan nazari. Barebari ne suka kafa masarautar garin a ƙarƙashin Muhammadu Dunama, shi ya sa ake ce mata Lafiyan Barebari, wato tushenta ɗaya da ƙasar da Ellison ya kalli dogo-dogo. Ta kudu kuma muna cuɗanya da Tibi, masu wasan Kwagh-hir, wanda ya bunƙasa a shekarun 1960.

Tsarin Kwagh-hir ya sha bamban da na dabo. Aiki ne na ƙungiya, akwai masassaƙa da mawaƙa da makaɗa da mai ba da labari da masu juya 'yan tsana da masu riƙe wuta, kasancewar da dare ake yin sa. Wannan ya sa matasa da yawa ke samun gurbin koyo a lokaci guda. Bugu da ƙari, masana irin su Iyorwuese Hagher sun yi bincike mai zurfi a kansa, suka shigar da shi azuzuwan jami'a. A 2019 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya na gado. Shekara guda kafin nan, a 2018, hukumar ta sanya Aragoz na Masar cikin jerin al'adun da ke bukatar ceton gaggawa. Aragoz kuwa ɗan'uwan dabo ne, domin shi ma a hannu ake sa shi, da ɗan abin sauya murya a baki, kuma ƙarancin masu yin sa ne ya kai shi ga wannan hali.

Har ila yau, ɗan tsana bai rasa masu so ba. A 2011 gidan talabijin na NTA ya fara nuna shirin yara mai suna Sesame Square, inda Kami da Zobi suka riƙa koyar da ƙidaya da haruffa da tsafta. Abin da mai dabo ya sani tun tuni ne aka sabunta, cewa yaro yakan saurari ɗan tsana fiye da yadda yake sauraron mai bulala.

Kammalawa

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Aikin da ke gabanmu, malamai da ɗalibai, a bayyane yake. Wanda duk zai tafi hutu ya tambayi dattawan garinsu ko sun taɓa kallon dabo-dabo, wane ne ya yi, a wace kasuwa, da wane labari, ya naɗi muryarsu ya kawo. Idan aka dace da wani mai sana'ar ko magajinsa, ya kamata a gayyato shi aji a matsayin malami, a biya shi haƙƙinsa. Sannan ɗaliban da ke rubuta wasanni a wannan mujalla su gwada tsara gajeren wasa guda na 'yan tsana, su kai shi wata makarantar firamare a cikin Lafiya. Sanduna kaɗan da tsohuwar riga da ƙyallaye sun isa a fara.