Sarkin Ruwa da Kadojin Matan Fada

Duk baƙon da ya zo kallon kamun kifi a Argungu sai ya tambaya: ina kadoji suke shiga ranar da dubban masunta suka auka cikin gulbin Matan Fada da homa da gora? Mu mutanen Kabi amsarmu a bakinmu take. Sarkin Ruwa ya riga kowa zuwa bakin gulbi, ya yi abin da ya gada kaka da kakanni, kadoji sun lafe a ramukansu. Sai ya ba da izini ake taɓa ruwan.

Bikin da aka sani yau ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya su domin girmama shi da tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi bayan gabar shekara da shekaru. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da suka cancanci a adana. Amma sarautar ruwa ta girmi bikin nesa ba kusa ba. Na san malamai da yawa ba sa son abin da ke cikinta na sauran tsafi, kuma ba zan yi musu da su a kan wannan ba. Abin da nake roƙo a duba shi ne dokar da ke ƙarƙashinta: akwai wurin da ba a su a cikinsa sai ranar da aka buɗe, akwai mai tsawatarwa, kuma kada yana da rabonsa a gulbi kamar yadda masunci yake da nasa.

Ba mu kaɗai ba ne. A Paga, arewacin Gana, Kasena suna ɗaukar kadojin tafkinsu tamkar dangi, suna kiran su da kaza su fito tudu. A Bazule, kusa da Wagadugu, in kada ya mutu binne shi ake yi. Ruwa ba ya tsami banza, kuma sai a 2011 masana suka gano dalili. Wata mai bincike, Evon Hekkala, da abokan aikinta sun gwada ƙwayoyin halittar kadoji daga sassan Afirka, har da busassun gawarwakin da Misirawan dā suka adana. Sai ga shi kadan Afirka ta Yamma jinsinsa daban da na kadan Nilu. Tun 1807 Bafaranshe Geoffroy Saint-Hilaire ya faɗi haka, ya raɗa masa suna Crocodylus suchus, aka yi watsi da maganarsa. Namu bai cika wuce mita uku ba, yayin da na Nilu kan kai biyar, kuma namu bai kai shi faɗa ba. Shi ne kuma wanda aka samu cikin gawarwakin Misira. Ashe kakanninmu sun karanci halin dabbar da suke zaune da ita, suka gina al'ada a kai.

Kasuwar fata ce ta fara karya wannan zama. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Turai ta buɗe baki tana neman fatar cikin kada domin jaka da takalmi da ɗamara. Maharba suka koma farautar dare da cocilan, domin idon kada yana yin ja da zarar haske ya dake shi. Dillalai suka bi ƙauyukan bakin ruwa, fatu suka bi hanyar Kano da Legas. Dukawanmu ma sun samu ciniki wajen Turawa masu yawon buɗe ido, ban kuwa ga laifin mai neman abincinsa ba.

Ɓarnar ta fi abin da ido ke gani, saboda yadda kada ke haihuwa. Uwa takan binne ƙwai a bakin gaɓa, ta tsare su kusan wata uku. Zafin gurbin ne ke sa ɗa ya fito namiji ko mace. In lokacin ƙyanƙyasa ya yi, 'ya'yan kan yi kuka daga cikin ƙwai, ta tone su, ta kwashe su a bakinta zuwa ruwa. To uwa mai gadi ita ce ta fi sauƙin harbi, domin ba ta nisa da wurin. An kashe ta, guza ya zo ya shanye ƙwan. Fata ɗaya a kasuwa, gurbi guda ya tafi.

Doka ta zo a makare. Yarjejeniyar CITES ta fara aiki a 1975, Najeriya kuma ta kafa doka mai lamba 11 ta 1985 kan cinikin dabbobin da ke neman ƙarewa. Kafin nan farin 1973 da na 1984 sun ƙafar da tafkuna, sannan madatsar Bakolori da ta Goronyo suka rage ambaliyar da ke cika fadamun Kabi kowace damina. Fadama ta zama gonar shinkasa da albasa har bakin gaɓa, inda uwa za ta yi gurbi ya zama wurin ajiye injin ban-ruwa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, in ana taron kare namun daji a Abuja, da wuya ka ga an gayyaci Sarkin Ruwa ko wani daga cikin Sarkawa, masu sana'ar su. Alhali su suka san kowane gurbi, su suka san watan da ake ƙwai, kuma maganarsu ce masunta ke ji. Duk mai son ya ƙirga kadojin da suka rage tsakanin Argungu da Yawuri, a kwalekwalensu zai shiga.