Daga Gayya Zuwa Kwangila: Wa Ke Duba Littafin?

Ganuwar da ta kewaye birninmu ba ɗan kwangila ya gina ta ba. Tun da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta, umarni ake bayarwa, talakawa da bayi su fito kwaɓa ƙasa. Ba a tambayar nawa aka kashe, domin dukiyar sarki da ta jama'a rumbu ɗaya suke.

Baitulmali ne ya raba rumbun. An fara shi a Katsina a 1907, Kano ta bi sahu a 1909, zamanin Sarki Abbas. Aka yanka wa sarki da hakimai albashi, aka soma rubuta kasafin shekara, kuma En'e ba ta yin babban kashi sai Razdan ya amince. Da rarar wannan asusu aka jawo ruwan famfo daga Challawa, aka kawo lantarki a 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Sai dai manomin da harajinsa ya sayi bututun bai taɓa ganin littafin ba. Na sama kaɗai ke dubawa.

Mun ga illar haka a 1962, da gwamnatin Jihar Arewa ta turo Muffett ya binciki kuɗin En'e ta Kano. A 1963 Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus, ya koma Azare. Har yau muna gardama: gyara ne ko siyasa? Lissafin da jama'a ba su gani ba, kowa da yadda zai fassara shi.

A 2007 Nijeriya ta kafa dokar sayayyar gwamnati, wadda ta wajabta tallata kwangila da buɗe takardun masu nema a bainar jama'a. Ta kuma tanadi majalisa ta musamman mai sa ido, amma aka shafe fiye da shekara goma ba a ƙaddamar da ita ba.

Wasu ƙasashen sun buɗe littafin. Koriya ta Kudu ta mayar da sayayyarta kan intanet a 2002. A Yukiren, daga 2016, manhajar ProZorro na nuna wa kowa wanda ya nema, farashin da ya sa, da wanda aka ba.

Mu masu rubuta manhaja mun san kwamfuta ba ta da kunya: abin da aka shigar mata shi take maimaitawa. In na sama kaɗai ke da mabuɗinta, littafin Razdan ne aka sake wa bango. Ci gaban da muke jira shi ne ranar da mai shago a Kurmi zai duba wayarsa, ya ga nawa aka ware wa kwalbatin unguwarsu, da sunan wanda ya karɓa.