Haihuwa da Tsoron Rashi a Ƙasar Bashkir

A wannan fitowa za mu leƙa ƙasar Rasha, can gindin duwatsun Ural, inda wasu Musulmi 'yan'uwanmu suke zaune. Ana ce musu Bashkir, harshensu dangin Turkanci ne, babban birninsu kuma Ufa.

A shekara ta 922 Ahmad Ibn Fadlan, jakadan Halifa Muƙtadir na Bagadaza, ya ratsa ƙasarsu. Ya rubuta cewa ya tarar da wasunsu suna da alloli 12, wasu kuma suna bauta wa maciji ko kifi. Sannu a hankali Musulunci ya shige su, ya yi ƙarfi a ƙarni na 14. Sai dai tsofaffin al'adu ba su fita rana ɗaya ba. Inda suka fi daɗewa kuwa shi ne ɗakin mai jego.

A da, ungozoma a wurinsu babbar mace ce, suna kiranta "uwar cibiya", yaron da ta karɓa kuma yana girmama ta har ya girma. Da ta yanke cibiya sai ta laƙa wa jariri suna na wucin gadi, don kada aljanu su same shi babu suna. Daga baya liman ya zo ya yi masa kiran salla a kunne, ya raɗa masa na gaskiya. Kwana 40 na farko su ne na fargaba. Ana sa wuƙa ko almakashi ƙarƙashin matashin jariri saboda wata muguwar aljana da suke kira Albasti. Rigarsa ta farko ma akan fara sa wa kare ita, wai sharri ya bi kare.

A wancan zamani, gidan da 'ya'ya ba sa tsayawa kuwa, sai a yi kamar an sayar da jaririn. A miƙa shi ta taga ga wata mai 'ya'ya rayayyu, sannan a biya a karɓo shi, wai mutuwa ta ɗauka ɗan wani gida ne. Sai a sa masa suna kamar Satibaldi, wato "an saye shi", ko Ulmas, "ba zai mutu ba".

To, wa zai yi musu dariya a cikinmu? Mu da muka san mace mai wabi, muka san Ajuji da Ayashe, muka ga wuƙa a gefen jariri a ɗakunan kakanninmu? Uwar da ta binne uku, duk abin da aka ce ta yi don na huɗu ya tsaya, yi za ta yi.

Abin da muke karantarwa a masallaci bai canja ba: wuƙa ba ta tsare rai, kare ba ya ɗauke ƙaddara, Allah kaɗai ke rayawa. Amma mu faɗe shi da tausayi, kada mu tsorata mai jego da kalmar shirka tana cikin kuka. Mu koya mata addu'a, mu kai ta awo asibiti, mu kai yaro rigakafi, mu biya kuɗin mota idan babu.

Allah Ya raya mana zuriya bisa imani, Ya sauki masu ciki lafiya. Amin.