Kalmar "native" da mu Hausawan Mubi

A aji biyu na sakandare na fara cin karo da kalmar native. Malam ya ce siffa ce, ma'anarta abin da ya fito daga asalin wuri. Na ɗauka shi ke nan. Ran Juma'a sai abokina ya ce in sa native, ashe kaftani yake nufi. Wata rana kuma na ji an kira boka native doctor.

Baba ne ya warware min, muna shago. Bai yi boko ba, amma ya ce, "Ai En'e ce, yaro." Haka ne kuwa. En'e daga N.A. take, wato Native Authority, hukumar gargajiya da Turawan Ingila suka yi mulki ta hannunta: sarki, alƙali, baitulmali, 'yan doka, haraji da jangali. A bakin Bature, duk baƙar fatar da ya tarar native ne, Bafulatani ne ko Bahaushe ko mutumin Gude ko Fali. Sai a 1976 aka rushe En'e, ƙananan hukumomi suka maye gurbinta.

To mu nan Mubi lissafinmu daban ne. Jamusawa suka fara riƙe ƙasar nan cikin Kamaru, bayan yaƙin duniya na ɗaya ta koma hannun Ingila a matsayin amana. A watan Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, Arewacin Kamaru ta zaɓi Nijeriya, aka yi Lardin Sardauna da hedikwata a Mubi. Kakana, wanda fataucin shanu ya kawo shi daga ƙasar Katsina, yana cikin waɗanda suka jefa ƙuri'a. Wato da hannunsa aka shigo da Mubi Nijeriya.

Amma da na je neman takardar shaidar asali don cike fom, sai jami'in ya dube ni ya tambaya da Turanci, wai ni native ɗin ina ne. Na ce nan aka yanke cibiyata, nan aka yanke ta babana. Ya ce ba haihuwa ya tambaya ba, garin kakanni yake nufi. Garin da sau biyu kacal na taɓa zuwa, duk a ta'aziyya.

Na dawo gida na gaya wa Baba. Ya yi shiru, can ya ce in nemi kuɗin mota zuwa Katsina.