Shugaban Sashe Tsakanin Rajista da Waya: Nazari a Kan Aiki Daga Nesa a Yankin Dangora

Gabatarwa

A lokacin annobar korona ta 2020, Gwamnatin Tarayya ta umarci ma'aikatanta daga mataki na 12 zuwa ƙasa su yi aiki daga gida. A Disambar 2021, Jihar Kaduna ta ware Juma'a don aiki daga gida, ban da ma'aikatan makarantu da na asibitoci. A ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa na Jihar Kano kuwa, larura ce ta kawo tsarin. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya fi ƙarfin ma'aikacin da ke zaune a birnin Kano, ga shi wani sai ya biyo ta Kwanar Dangora, wani ma ya ratsa dajin Falgore kafin ya kai Riruwai. Wannan maƙala na ganin cewa shugaban sashe ne ke ɗauke da nauyin wannan sauyi shi kaɗai.

Matsalolin

Ta farko ita ce ma'auni. Rajistar sa hannu, wadda ake ja wa layi da jan biro da safe, zuwan mutum take nunawa, ba aikinsa ba. Malamin gona da ya wuni a gonakin masara yana koya wa manoma zuba taki ba ya cikinta, amma wanda ya zauna ƙarƙashin darbejiya har azahar ya sa hannu. Haka aikin ganin ido ke samun gindin zama.

Ta biyu ita ce sadarwa. Shugaban na karɓar rahoto da hotuna ta WhatsApp, sau da yawa da katin da ya saya daga albashinsa. In aka ce masa, "Ranka ya daɗe, babu sabis," ba shi da hanyar bambance mai gaskiya da mai fakewa da uzuri.

Ta uku ita ce adalci. Ungozoma da malamin aji dole su zo kullum, alhali akawu na iya kammala lissafi a gida. In shugaba ya sassauta wa wani, a ce ya yi son kai. In ya tsananta, a tuna masa zumunci da maƙwabtaka, na sama kuma sakamako kawai suke nema.

Kammalawa

Wajibi ne hukumomi su rubuta ƙa'ida ƙarara: waɗanne ayyuka ake yi daga nesa, kwana nawa a mako, kuma da me za a auna su. A ware wa shugabannin sassa kuɗin kati da na zirga-zirga, a horar da su kan auna aiki da sakamako. Muddin aka bar su suna yanke hukunci da ra'ayin kansu, talakan da ya zo neman takarda ya tarar da ofis a kulle shi ne zai ci gaba da shan wahala.